Shekara guda a Tawa: amsa ga mai shirin zuwa koyar da Ingilishi

Tambaya: Wata matashiya daga Zariya, wadda ta gama digiri a fannin Ingilishi ta kuma yi hidimar ƙasa, ta rubuto cewa wata ƙungiya ta ɗauke ta aikin sa kai na shekara guda a wata koleji a Tawa, Jamhuriyar Nijar, kuma a gidan wasu mutane za a sauke ta. Tana son sanin yadda aji yake, yadda za ta zauna da mutanen gidan da bukukuwansu, da ko za ta samu damar zagayawa ta ga ƙasa. Ta rufe da cewa hankalinta a kwance yake tunda Hausa ake yi a can.

Amsa: Ɗiyata, Allah ya kawo ki lafiya. Na koyar da Ingilishi a kolejojin jihar Tawa har na yi ritaya, kuma a ƙarshen aikina ina cikin masu bin azuzuwa suna duba malamai, don haka 'yan sa kai da dama sun bi ta hannuna. Da maganarki ta ƙarshe zan fara, domin sauran amsar duk a kanta ta rataya.

Gaskiya ne Hausa ake yi a Tawa. Ranar da kika sauka za ki yi ciniki, ki tambayi hanya, ki yi hira da tsofaffi, kuma wannan babban rabo ne. Sai dai yana ɗauke miki wani abu da sauran baƙi suke morewa, wato uzuri. 'Yan sa kan Amurka na Peace Corps sun yi aiki a Nijar tun 1962 har zuwa Janairun 2011, lokacin da aka kwashe su bayan an sace wasu samari biyu 'yan Faransa a Yamai, kuma fiye da 3,000 ne suka zo a tsawon shekarun nan. In yarinyarsu ta wuce dattawa ba gaisuwa, ko ta miƙa abu da hagu, sai a yi murmushi a ce Annasara ce, ba ta sani ba. In ta iya “ina kwana” kuwa, a yi mako ana ba da labarinta. Ke ba za ki samu wannan rangwame ba. Kamarmu gare ki, bakinmu gare ki, tare za mu yi salla, saboda haka da mudun ɗiyar gida za a auna ki tun daren farko alhali ba ki san gidan ba. In kika kuskure ba mai cewa baƙuwa ce, cewa za a yi ɗiyar wa ce wannan. Ki yi watan farko kina kallo da tambaya, bayani ya zama kaɗan, kuma ki kama bakinki daga “mu a Najeriya ba haka muke yi ba”. Ban san maganar da take saurin rufe zuciyar mutanen nan kamarta ba.

Kafin ki ɗaure kaya ki gama da takardu. Nijar ta fita daga ECOWAS, wadda mu nan muke kira CEDEAO, a Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso. Ƙasashen uku sun ce 'yan yankin za su ci gaba da shiga ba tare da biza ba, amma shiga daban, zama shekara ana aiki daban. Ki sa ƙungiyar ta ba ki yarjejeniya a rubuce: nawa ne alawus kuma ranar nawa ga wata, wa zai biya asibiti in kin kwanta, wa zai biya kuɗin komawa in aikin ya tsaya a tsakiya. Ki tambaye su kai tsaye ko izininsu na aiki a Nijar yana da rai, domin tun ƙarshen 2024 hukumomi sun janye izinin wasu ƙungiyoyi, har kwamitin Red Cross na duniya an ce ya tattara kayansa a Fabrairun 2025. Ki nemi ganin takardar hukumar ilimi ta jiha da ta amince ki shiga aji. Fasfonki a hannunki zai zauna, duk wanda ya ce ki ba shi ajiya ki ƙi cikin ladabi. Ki zo da katin rigakafin shawara, ki ƙara da allurar sanƙarau, don lokacin zafi lokacinsa ne, ki kuma sa gidan sauro a kayanki, tunda a ƙarshen damina za ki iso.

Hanyar da aka fi bi ita ce Sakkwato zuwa Illela, a tsallaka iyaka zuwa Birnin Ƙwanni, sannan a yanke arewa daga Tsarnawa a bi ta Badagishiri. Daga Ƙwanni zuwa Tawa bai kai kilomita 150 ba. Ki lura akwai Illela biyu, ta bakin iyaka da kuma ta cikin Nijar inda Sarkin Adar yake (Adar shi ne yankin da Tawa take cikinsa), kada ki hau motar da ba taki ba. Da rana za ki yi tafiyar, kada ki yarda da ta dare. Lissafin kuɗi kuma ki koye shi tun a Ƙwanni: da dala ake ƙirga, dala ɗaya sefa 5 ce, jaka ɗaya sefa 1,000. In mai tumatir ta ce dala ashirin, sefa 100 take nufi.

Yanzu aji, wanda shi ne dalilin zuwanki. Firamare shekara shida ce a nan, koleji huɗu, lise uku. A koleji lambar aji sauka take yi, daga na 6 zuwa na 3, inda ake rubuta jarrabawar BEPC, sannan jarrabawar Bak a ƙarshen lise, wato babbar sakandare. A shekarar farko ta koleji yaro yake fara Ingilishi, kuma darasi ne da ake jarraba shi a kai a duka biyun. A kan 20 ake ba da maki, 10 ne tsallakewa, kuma malaman nan ba su da sakin hannu. Maki 14 abin alfahari ne. In kika zo da ɗabi'ar raba 18 da 19 don yara su so ki, kin ɓata lissafin aji kin kuma sa abokan aikinki sun zama azzalumai a idon ɗalibai. Ki karɓi takardun da wani malami ya gyara bara ki ga yadda hannunsa yake.

Kin zo a lokacin da ake ƙishin abin da kike ɗauke da shi. Kundin dokokin mulkin ƙasa da aka fitar a Maris 2025 ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Ko kafin wannan ma Adarawa mutanen tafiya ne. Da an gama girbi maza suke fita bida, wasu Abijan, wasu Gana, wasu Libiya, wasu Legas da Kano, kuma da wuya ki samu aji da babu yaran da ubansu yake waje. Waɗannan yara sun san amfanin harshe tun kafin ki faɗa musu.

Ga abin da za ki tarar ranar farko. Za ki shiga aji mai ɗalibai sittin ko fiye, uku ko huɗu a benci ɗaya, su miƙe gaba ɗaya su rera miki “Good morning, teacher” da murya ɗaya har ranki ya yi fari. Sai ki nuna wata yarinya a layi na uku ki tambaye ta abin da ta ci da safe. Za ta sunkuyar da kai, ta ja gefen hijabi ta rufe baki, aji ya yi tsit. Ki je ki buɗe littafinta. Za ki ga rubutu kamar na inji, kanun darasi da jan biro, an ja layi da rula, ba gogewa ko ɗaya. Yarinyar nan tana da ƙwaƙwalwa. Shekara biyu ta yi tana kwafe Ingilishi daga allo, ba a taɓa ba ta dalilin furta shi ba, kuma duk sanda ta gwada aka yi dariya. Aikinki na shekarar nan shi ne ta buɗe baki. Mutum sittin ba za su yi magana ɗaya bayan ɗaya a cikin awa guda ba, don haka ki saba musu da aikin bibbiyu, kowa da na kusa da shi, kina zagayawa kina saurare. Aji zai yi hayaniya, wanda ke makwabtaka da ke zai leƙo, shi ya sa tun farko za ki sanar da darakta abin da kike yi. Ki hana dariya ga wanda ya kuskure, da gaske, tun makon farko. Abin da za su yi magana a kai kuma ki ɗauko shi daga rayuwarsu: cinikin albasa a kasuwar Lahadi, saƙon murya ga uba a Abijan, kwatanta wa baƙo hanyar tasha, labarin wanda ya kada wani a filin kokowa.

Kurakuransu za su ba ki mamaki domin ba irin na yaran Zariya ba ne. Shekara shida sun yi suna karatu da Faransanci, don haka da bakin Faransanci suke karanta haruffan Ingilishi: su haɗiye harafin ƙarshen kalma, musamman s na jam'i, su tsallake h na farko. A nan Hausarki za ta yi miki rana. Bahaushe yana furta h ba wahala, yana bambanta shi da ita, kuma ya san tazarar da ke tsakanin “ina zuwa” da “na zo”. Jimla ɗaya ta Hausa takan warware abin da minti goma na bayani da Faransancin da yaron ma bai gama riƙewa ba ya kasa warwarewa. Ni ina goyon bayan haka, ko da yake za ki gamu da masu duba malamai da ba sa so. Sharaɗin shi ne ki faɗa ki wuce, ki koma Ingilishi, kada darasin ya rikiɗe hira. Kuma ki tuna ba duka ajin ne Hausawa ba. Akwai 'ya'yan Abzinawa da Fulani da Larabawa, da 'ya'yan ma'aikata Zabarmawa da aka turo daga yamma. Mafi yawansu suna jin Hausa, amma ki tabbatar, kada ki ɗauka.

Rashin Faransanci kuwa zai dame ki a ɗakin malamai, don da shi ake taro, da shi ake cike rajista da takardar sakamako. Ki nemi malami ɗaya ya zama madogararki a wannan.

Maganar abokan aiki ina so ki ji ta da kyau, don a nan na ga 'yan sa kai masu kyakkyawar niyya suna yin ɓarna ba su sani ba. Malaman Ingilishin da za ki tarar sun yi karatunsu, da yawa a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, kuma nahawun wasunsu ya fi na mutane da dama da suka tashi da harshen. Abin da suka rasa shi ne abokin magana. Da yawansu 'yan kwantiragi ne, albashinsu kaɗan ne, kuma darasin yamma da suke ba 'ya'yan mutane a gida shi yake cika musu tukunya. In kika buɗe darasin yamma kyauta ga kowa, kin karɓe abincin wani alhali ke wata tara za ki yi ki tafi. Abin da ya fi shi ne kulob na Ingilishi a cikin makaranta, malamin wurin ya zama shugaba ke mataimakiya, domin ya ci gaba bayan tafiyarki. Kada ki gyara wa malami furuci a gaban ɗalibai ko da wasa. In an shiga yajin aiki, kada ki bari a sa ki cike gurbin masu yajin, ki ce ke baƙuwa ce ki koma gefe.

A Oktoba ake buɗe makarantu. Daga nan zuwa Fabrairu shi ne lokacin karatu na gaske, don haka duk abu mai nauyi a manhaja ki tura shi cikin watannin nan. Daga Maris zafi yake tasowa, Afrilu da Mayu ya haura digiri 40, kwanon aji ya ɗauki wuta, yaro ya kasa riƙe komai bayan hantsi. Kuma yawancin yaran da suka zo daga ƙauyuka a gidan dangi ake ajiye su, wasu ba su karya ba suke zuwa. Wanda ya yi barci a aji ki tambaye shi kafin ki hukunta shi.

Wata rana za ki kira suna ki ji shiru, wata ta ce miki an sa mata rana. Kusan kashi 76 cikin 100 na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, adadin da ya fi na kowace ƙasa. Zai ƙona miki rai, ni ma har yau yana ƙona mini. Amma kada ki ɗauki jaka ki tafi gidan uban ke kaɗai ki yi masa wa'azi, za ki rufe ƙofar da wani zai iya buɗewa. Ki kai maganar ga darakta da iyaye matan da ke cikin kwamitin makaranta, ki kuma faɗa wa uwar gidan da kike zaune. Tsohuwar da ta san kakar yarinyar takan samo jinkirin shekara guda a zama ɗaya, wani lokaci ma a yarda yarinyar ta ci gaba da karatu daga ɗakinta.

Gidan da za a sauke ki, Inna da Baba za ki kira masu shi, ki durƙusa ki gaishe su kowace safiya kafin ki fita. Kada ki miƙa kuɗin abinci a hannu, za a ji kamar kin mai da su masu haya. Ki sayo buhun shinkafa ko sukari da sabulu lokaci-lokaci ki sa yaro ya kai wa Inna ɗaki. Gero ne abincin ƙasar: tuwo da dare, fura da rana, ga dambun zogale, ga shinkafa da wake, ga cuku da shayi in kin shiga gidan Abzinawa. Ki ci a kwano ɗaya da matan gidan. In kina buƙatar kaɗaici, ki faɗi dalili, ki ce za ki gyara takardun yara, don rufe ƙofa ba bayani fushi ake ɗaukarsa. Samarin fada da ke shan shayi a bakin titi za su riƙa kiranki Madam suna jefa miki Ingilishinsu, ki amsa gaisuwa ki wuce. Duk namijin da ke son magana da ke ya zo ƙofar gida Baba ya san da shi. Bayan magariba kuma kada ki fita sai da 'yar rakiya, don sunan gidan kike ɗauke da shi.

Bukukuwa su ne inda za a yanke hukunci a kanki, fiye da aji. Ranar suna, kwana bakwai da haihuwa, maza suna taruwa da sassafe a ƙofar gida, a raba goro da dabino, liman ya yi fatiha, a raɗa suna, a yanka rago. Mata sai da rana gidan yake cika da su. Za a kawo miki kujera a ce Madam ta zauna. Ki yi godiya ki ƙi ta. Ki zo tun da safe da zanen aiki, ki zauna cikin masu tsince shinkafa da yankan albasa, sai an gama ki yi wanka ki sa kayan ado. A wurin tukunya ake sanin mutum, kuma a nan za ki ji ainihin labarin unguwa.

Kuɗin biki da mata suke ba juna bashi ne na zumunci. Ana riƙe abin da kowa ta kawo, a mayar mata da ƙari ranar nata. Kada ki ce ai ke tafiya za ki yi ba ruwanki, domin matan nan ba sa mantuwa, ranar aurenki za ki ga mota ta tsaya a ƙofar gidanku a Zariya. Kada kuma ki zarce manyan matan gidan a abin da kika bayar, kin kunyata su ke nan. Ki tambayi Inna a asirce nawa ya dace da ke. Anko shi ne zai cinye alawus ɗinki in ba ki yi hattara ba, tunda bayan girbi aure ba ya yankewa. Na gidanku dole ne, na abokiyar aiki ta kusa ya kamata, sauran ki sa abin da kike da shi ki je, ba wanda zai kore ki. Abin da ba a yafewa shi ne rashin zuwa gaisuwar mutuwa. In an yi rasuwa a unguwa ko a gidan ɗalibinki, ki sa mayafi ki je ko minti goma ne, ki zauna a tabarma, ki ce Allah ya jiƙansa ya ba ku haƙuri. Zumunci a ƙafa yake, kuma a Adar da gaske ake nufi.

A shekarun nan azumi da salla biyu duk cikin shekarar karatu suke faɗowa, don haka za ki ga babbar salla irin tamu. Bayan an sauko daga idi aka yi yanka, ana feɗe rago a buɗe shi gaba ɗaya, a ɗaure shi a kan sanduna biyu da aka gicciya, a jera raguna a kewaye da wuta a ƙofar gida. Samari suna juya su suna shafa gishiri da yaji tun azahar har dare, titi duka ya turnuƙe da hayaƙi da ƙamshi. A ranar, kayan ciki ake ci. Sai washegari ake sassara naman, yara su ɗauki kwanoni suna kai wa dangi da makwabta, mata su kafa kaskon suya. Ki tanadi 'yan canji saboda masu barka da salla, ɗalibanki ma za su zo rukuni-rukuni. Ranar ce kewar gida za ta fi kama ki. Ki kira mahaifiyarki da safe ki yi kukanki in zai zo, sannan ki wanke fuska ki fito tsakar gida, kada ki wuni a ɗaki da waya. Hoto kuma, na amarya ko na jariri ko na ɗalibai, sai da izini, kuma izinin ɗauka bai zama izinin sawa a Facebook ba.

Yawon buɗe ido za ki samu, amma ƙasar da 'yan sa kai na shekarun baya suka zagaya a kan babur ta canza, kuma ba zan ɓoye miki ba. Arewacin jihar wajen iyakar Mali ba wurin zuwa ba ne. A Maris 2021 an kashe mutum 137 a ƙauyukan yankin Tiliya a rana ɗaya. A Kure, kusan kilomita 60 daga Yamai, inda raƙuman dawan Afirka ta Yamma suka rage, an kashe ma'aikatan agaji shida 'yan Faransa da direbansu da ɗan jagora a Agustan 2020. Duk tafiyar da za ta fitar da ke daga gari, ƙungiyarki da Baba su sani, kuma in mutanen wurin suka ce kada a bi hanya kaza a wannan makon, magana ta ƙare.

Abin da ke kusa ma ya ishe ki. Kasuwar Lahadi ta Tawa ki shige ta da Inna tun da safe, ki ga Abzinawa da Fulani da Adarawa a wuri ɗaya, ga raƙuma, ga gishiri da dabino daga arewa, ga aikin fata. Wurin da na fi so ki gani shi ne masallacin Juma'a na Yama, wanda magini Falke Barmu ya fara ginawa da ƙasa a 1962, ya yi ta ƙara masa hasumiyoyi da ado, har ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. Ke da kika fito daga garin da ke alfahari da masallacin Babban Gwani, za ki fi kowa gane abin da kike kallo. Akwai tafkin Tabalak a kan hanyar Agadas da tsuntsayensa da masuntansa, akwai Keita inda tun shekarun 1980 aka yi aikin farfaɗo da ƙasar da ta mutu, mata ne suka ɗauki yawancin duwatsun a ka, akwai Galmi mai albasar da ta yi suna har bakin teku. In kin bi ta Ƙwanni ki tambayi tsofaffi labarin 1899, shekarar da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta yi wa garin kisan gilla, bayan ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu. Gasar kokowa ta takobin ƙasa, wadda aka fara a nan Tawa a 1975, jiha-jiha take zagayawa. Ko ba a garin aka yi ta ba a shekararki, za ki ga yadda kowa yake manne da rediyo da talabijin har a gama.

Yamai kusan kilomita 550 ce, wuni guda a motar kamfani, don haka sai hutun ƙarshen Disamba. Ki ba gidan tarihi na Boubou Hama rana ɗaya cur: ƙasusuwan manyan dabbobin da aka tono a hamada suna nan, da busasshen itacen Tenere da mota ta kaɓe a 1973, da maƙera da dukawa suna aiki a gabanki. Da yamma ki je bakin kogin Kwara kusa da gadar Kennedy. A Yamai za ki ji Zabarmanci ko'ina, amma Hausa za ta kai ki duk inda kike so. Agadas, wadda tsohon garinta ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013, da hasumiyarta ta ƙasa mai tsawon mita 27, ta cancanci gani, sai dai zuwanta ya dogara da halin hanya a lokacin da kuma amincewar waɗanda ke da alhakinki. In sun hana, ki haƙura.

Cikin kayanki ki sa ƙananan littattafan labarai masu sauƙin Ingilishi gwargwadon abin da jaka za ta ɗauka, da 'yar lasifika mai caji don su ji muryoyi daban da taki, da fitila mai aiki da hasken rana, da rigar sanyi saboda hunturun nan yana cizo. Inna ki riƙo mata turmin atamfa da turaren wuta, Baba hula. Watannin da suka rage kafin Oktoba kuma ki sa su a koyon Faransancin makaranta, lambobi har ɗari, ranakun mako, da kalmomin rajista da jarrabawa, don a taron malamai na farko za a miƙo miki jadawalin darussa kuma da Faransanci aka rubuta shi.